Tsakanin alewa da fuskar waya: gilashin da ke ba da haske da kansa

Wayata ta suɓuce ne a ƙofar masallaci wata Juma'a cikin watan Agusta, ina kokawar sa takalmi cikin turmutsutsu. Ba wata faɗuwar a zo a gani ba ce. Na ɗauka na goge da gefen riga, sai ɗan tsagi a kusurwar ƙasa wanda bai kai tsawon farce ba. Komai na aiki, na jefa ta aljihu. Washegari da safe na ga ɗigo baƙi kamar ƙwayar gero a bakin tsagin. Ranar Lahadi ya kai girman gyaɗa, gefensa ya yi shunayya. Kafin Talata ya cinye rabin lambobin kira.

Na kai ta layin masu gyara a nan Birnin Kebbi, wurin wani saurayi da ya taɓa zama ɗalibina. Ko juya ta bai yi ba.

"Malam, wanga bai da gyara, sai canji. Iska ta shige shi."

"Iska kuma? Na ɗauka tawada ce ta zube."

"Haka kowa ka cewa, Malam. Wallahi babu tawada ciki ko ɗigo. Irin wanga na buɗe sun fi a ƙirga."

Ya jawo aljihun tebur ya fiddo sikirin biyu, ɗaya orijina, ɗaya kwafi. Orijinan siriri ne, ba nauyi. Kwafin ya fi kauri, kuɗinsa kuma bai kai rabin na ɗayan ba. Na ce zan yi shawara.

Ni da na koya masa kimiyya, shi ya tuna mini ita. Abin da ya mutu a wayata ba gilashin da ya tsage ba ne. Ƙarƙashinsa akwai wani gilashin da ba a yi shi da yashi ba, kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na silin gashi ba, kuma shi ne mai ba da hasken. Irin wannan allo shi ake kira OLED.

Wannan gilashin ne kuma ke cikin talabijin ɗin nan da bidiyonsa ke yawo a WhatsApp, wanda in an kashe shi sai ka ga bango da tukunyar fulawar da ke bayansa tar. Kamfanin Xiaomi na Sin ya fito da irinsa kasuwa a watan Agustan 2020, mai inci 55, a kan yuwan 49,999. LG na Koriya ta Kudu ya nuna nasa mai inci 77 a bajekolin kayan lantarki na Las Vegas a Janairun 2024, daga baya ya yi masa kuɗi dala 59,999. A 2020 ɗin kuma an sa irin wannan allo a tagogin wasu jiragen ƙarƙashin ƙasa a Beijing da Shenzhen, fasinja na kallon waje yana karanta sunan tasha ta gaba. Tsofaffin ɗalibai kan turo mini bidiyon suna tambaya, Malam, a ina hoton ke ɓuya? Ni tambayar da ta fi tsaya mini ita ce ta mutumin da ke zaune inda zafin Afrilu ke haura digiri 40: abin nan zai jure mu kuwa?

Kafin a je can, akwai ruɗanin da kwalin talabijin ya jefa mu. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan LED a shagunanmu ba LED ke zana hoton ba. Allon LCD ne, wanda ba shi da hasken kansa ko kaɗan. Aikinsa tarewa da buɗewa, kamar miliyoyin ƙananan labule a gaban wasu fitilu da ke jere a baya. Shi ya sa in talabijin na magana babu hoto mai gyara kan ce maka fitilar baya ta mutu, in ka haska allon da cocila kuwa za ka ga hoton nan dishi-dishi. Su waɗannan fitilun su ne LED ɗin, ƙananan kiristal ne na ma'adinai. Nick Holonyak ya yi mai ja a 1962 a kamfanin General Electric, mai shuɗi kuwa sai da aka kai farkon shekarun 1990, aikin da ya jawo wa Akasaki da Amano da Nakamura, haifaffun Japan su uku, kyautar Nobel a 2014.

OLED wani gida ne daban. Harafin farkon na nuni da cewa sinadaran masu tushen kabon ne, dangin sukari da shuni da kalanzir. Kowane ɗigo na hoton fitilar kansa ce, babu fitilar baya, in ana son baƙi sai kawai a kashe ɗigon. Su kuma sinadaran a yanayin gilashi suke zaune.

Mu dai da an ce gilashi sai hankali ya tafi ga kwalba da taga da munduwar masagan Bida. Na kwalba da taga yashi ne da soda da farar ƙasa, a narkar a wuta mai kusan digiri 1,500. Amma a wurin masana gilashi ba sunan wani sinadari ba ne, sunan yanayi ne. Ɗauki sahun sallar Idi, kowa kafaɗa da kafaɗa, in ka san inda mutum uku suka tsaya ka san inda na ɗari zai kasance. Haka ƙwayoyin gishiri da sukari da ƙanƙara suke jeruwa, shi ake kira kiristal. Yanzu ɗauki kasuwar Jega ana tsakar ci, a ce an busa usur kowa ya ƙame a inda yake. Wani a sunkuye, wani ya waiga, wani da ƙafa ɗaya a sama, babu sahu babu layi, amma ba mai motsi. Wannan shi ne gilashi: abin da aka sanyaya da gaggawa har ƙwayoyinsa ba su samu sukunin shiga sahu ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai yin alewa ya ga gilashin kabon da idonsa. Muna yara akwai wata tsohuwa a unguwarmu, kowa Inna yake ce mata, da hantsi mukan kewaye murhunta. Sukari fari ne, ƙwaya-ƙwaya, ba ka ganin komai ta cikinsa. Ta zuba shi a tukunya da ruwa kaɗan, ta matsa lemun tsami, ta bar shi ya yi ta dahuwa har sai in ta ɗiga a ruwan sanyi ya ƙame ya yi ƙas a haƙori. Sai ta juye a farantin da ta shafa wa mai. Abin da ke kwance a farantin nan garau yake, launin zuma, kana hango zanen farantin ta cikinsa. Sukarin nan ne dai, sahunsa kawai ya rasa. Lemun ba don ɗanɗano kaɗai ba ne. Tsamin yana raba wani ɓangare na sukarin gida biyu, sai ya zama akwai ƙwayoyi iri uku a tukunya masu siffa daban-daban, sahu ya gagara. Ranar da lemun ya yi kaɗan, ko wani yaro ya sa mata cokali ya motsa, sai ka ji tsaki: "Kun ga, ya koma sukari." In kuma ta rataya shi a ƙusa ta yi ta ja tana ninkawa, garau ɗin nan sai ya koma fari fat, don iska ta shiga ta yi ƙananan kumfa masu watsa haske. Da za a kawo injiniyoyin Samsung gindin murhun nan, da sun gane rabin ciwon kansu a tukunyar Inna.

Su ma masanan da kiristal suka fara, suka sha wuya. A 1963 Martin Pope da abokan aikinsa a Jami'ar New York sun sa kiristal na wani sinadari mai suna antirasin, wanda ake samu a kwaltar kwal, ya ba da shuɗin haske, amma sai da suka tura masa bolt kusan 400. Ba abin sawa a aljihu ba ne. Kiristal guda mai faɗi yana da wuyar rainowa, in kuma ya zama ƙanana da yawa manne da juna, kowace mahaɗa tana watsa haske tana kuma tare lantarki. Ƙanƙarar da ake sayarwa da azumi ta ishe mu misali: dunƙulen ana ganin cikinsa, da an farfasa sai ya yi fari. Gilashi ba shi da mahaɗa, ko'ina ɗaya ne, sumul.

A 1987 Ching Tang da Steven Van Slyke na kamfanin Kodak da ke Rochester ta Amurka suka sauya dabara. Suka ɗumama sinadaran a cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, tururinsu ya tashi ya kwanta a kan faranti, kamar yadda tururin tukunya ke kwanciya a murfi, ya daskare ba tare da shiga sahu ba. Shimfiɗa biyu suka yi, ɗaya kan ɗaya, kaurinsu duka bai kai nanomita 150 ba. Nanomita kuwa sai ka raba milimita gida miliyan ka ɗauki ɗaya. Da bolt ƙasa da 10 suka samu koren haske mai ƙarfi. Na yau shimfiɗunsu sun fi haka yawa, sun zama kamar albasar Aliero, kowane ɓawo da aikinsa, amma tushen bai canza ba. Daga gefe guda ana turo elektron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, daga ɗaya gefen ana zare su a bar gurabe. Gurbin ma tafiya yake yi, kamar gurbi a sahu: wannan ya matsa ya cike, gurbin ya koma inda ya baro. Inda elektron da gurbi suka haɗu a kan molekul ɗaya, wato ƙulli guda na ƙwayoyin zarra, sai molekul ɗin ya ɗauki ƙarfi, ya sauke shi a matsayin haske. Siffarsa ce ke yanke launin.

A nan gizo ke saƙar. Gilashi ba da son ransa yake zaune a gilashi ba. Ƙwayoyinsa tsayuwar dole suka yi, da sun samu sarari sahu za su nufa. Kowane gilashi yana da wani zafi da in ya kai shi sai ƙwayoyin su fara motsi, jikinsa ya saki. Masana na rubuta shi Tg, mu kira shi matakin laushi. Na gilashin taga ya haura digiri 500, shi ya sa kwalba ke shekara ɗari a binne a tono ta yadda take. Na sukarin da aka narkar ya bushe sarai wajen digiri 60 ne zuwa 70, in ya sha ɗanshi kuwa sai ya faɗo ƙasa sosai, dalilin da ya sa alewa ke danƙo da damina ke nan. To wani sinadari da aka yi ta amfani da shi a farkon binciken OLED, mai suna TPD, matakinsa wajen digiri 60 ne zuwa 65. Kusan na alewa. Motar da aka rufe a rana tsaka a garin nan cikin Afrilu, gaban nan da direbobi ke jefa waya da carbi yana iya wuce wannan. Wanda ya gaje shi, NPB, nasa wajen 95 ne. Sinadarin da ya ba Tang koren haske kuwa nasa ya kai wajen 175, sai dai ba abin da hakan zai tsinana in maƙwabciyar shimfiɗarsa mai rauni ce. Da ta saki sai ta cakuɗe da ta kusa da ita, kiristal su fara tsiro, sumul ɗin ya koma kaushi, lantarki ya sami gajeriyar hanya, ɗigon ya mutu. Ya koma sukari, in ji Inna.

Kada wani ya ce na ce wayarsa za ta narke. Sinadaran da ake sawa yanzu an zaɓe su ne don su wuce irin wannan zafin, kuma wayar kan rage haskenta da kanta in ta ji ta yi zafi. Amma ko ba a kai matakin laushi ba, zafi yana gaggauta tsufan allon. Awa guda a ƙasar sanyi ba awa guda ba ce a Kamba ko Yauri.

Maganin da masu harhaɗa sinadarai suka samo ɗan'uwan lemun tsamin ne, a hana sahu tun daga siffa. Molekul masu faɗi, shafaffu, kan hau kan juna kamar kujerun roba bayan an tashi daga biki, goma a wuri ɗaya. Sai aka koma ƙera karkatattu. Yasuhiko Shirota na Jami'ar Osaka tun ƙarshen shekarun 1980 yake ƙera masu rassa ta kowane gefe kamar ƙarangiya. A Jamus aka fito da dabarar ƙulla molekul biyu a kan ƙwayar kabon guda, ɗaya a miƙe ɗaya a gicciye, wadda ta ɗaga matakin daga sittin da 'yan kai zuwa sama da 130. Gwada jera reshen ƙaya kamar yadda ake jera faranti ka gani.

Abin da ya fi burge ni ya fito ne daga ɗakin binciken Mark Ediger a Jami'ar Wisconsin a 2007. Sun gano cewa ba sinadarin kaɗai ba, har zafin farantin da tururin ke kwanciya a kai yana da ta cewa. In farantin ya yi sanyi ƙwarai, kowace ƙwaya inda ta faɗi nan take ƙamewa, a bar ramuka a tsakani. In an ɗumama shi zuwa ƙasa kaɗan da matakin laushi, ƙwayar kan sami ɗan lokaci ta gyara zama kafin ta bayanta ta danne ta. Duk mai ɗura shinkafa ya san buhun da aka girgiza ya fi cin mudu. Gilashin da aka samu ta haka ya fi matsewa, ya fi jure zafi, kai ka ce ya shekara dubbai yana zauna. A 2018 masu bincike a Barcelona da Dresden suka gwada wannan a OLED, hasken ya ƙaru, kwanan na'urar ya ƙaru, ba tare da an canza sinadari ko ɗaya ba.

Ɗanshi kuwa shi ya ci wayata. Shimfiɗar ƙarfen da ke turo elektron ana yin ta da ƙarafa masu saurin lalacewa irin su magnesiyam, sinadaran kabon ɗin ma ba sa ga-maciji da ruwa da iskar oksijin. Shi ya sa ake liƙe allon da rufin da aka gindaya wa sharaɗi mai ban tsoro: ruwan da zai ratsa murabba'in mita guda a yini kada ya wuce kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Ledar biskit, da muke gani kamar ba abin da ke ratsa ta, ta fi wannan yoyo sau dubbai. Tsagin da bai kai farce ba ƙofa ce a buɗe, ga Agusta, ga fadama cike da ruwa. Baƙin da na ga yana yaɗuwa ɗigogi ne ke mutuwa, gida-gida.

Akwai kuma asarar da ke cikin halittar abin. A sinadaran farko, cikin kowace haɗuwa huɗu ta elektron da gurbi ɗaya ce kawai ke ba da haske, ukun sukan tafi a zafi. A 1998 tawagar Stephen Forrest ta Jami'ar Princeton da ta Mark Thompson ta Jami'ar Kudancin California suka nuna cewa in aka dasa ƙwayar ƙarfe mai nauyi a tsakiyar molekul, filatinam da farko, daga baya iridiyam, ukun ma za su haska. Ja da koren da ke wayoyin yau da wannan dabarar suke aiki. Iridiyam kuwa ya fi zinari ƙaranci nesa ba kusa ba, abin da duniya ke haƙowa a shekara bai kai tan goma ba, mafi yawansa daga Afirka ta Kudu. A 2012 Chihaya Adachi na Jami'ar Kyushu ya nuna hanyar kamo ukun ba tare da ƙarfe ba, ɗumin da ke wurin ne ke tura su su koma hanyar haske.

Shuɗi ne ɗan kuka. Haskensa ya fi na ja da kore ƙarfi, ƙarfin da ya kusa kai wanda ke tsinka ɗaurin da ke riƙe da molekul ɗin kansa, sai ya zama yana haskawa yana cin kansa kamar kyandir. Kuma ɗigon da ya fi aiki shi ya fi saurin dusashewa. Duk mai gidan kallon ƙwallo da ke sha'awar OLED ya zauna ya yi lissafi: tasha ɗaya daga la'asar zuwa sha ɗayan dare, tambarinta a kusurwa ɗaya, akwatin maki a wuri ɗaya, yau da gobe. A kwana a tashi inuwarsu kan zauna a allon ko an canza tasha. Kamfanonin suna da dabarun rage wannan, irin su gusar da hoton kaɗan-kaɗan ba tare da ido ya lura ba, amma ga gidan kallo ni LCD zan ce a saya, a riƙe canjin a sayi man janareta.

To ta yaya ake ganin bayan allon? Shimfiɗun kabon ba su ne cikas ba. Sirara ne, ba su da mahaɗa, kuma yawancinsu hasken da suke sha na can bayan shunayya ne, wanda ido ba ya gani. Cikas ɗin shimfiɗu biyun nan ne masu kawo lantarki, ta ƙasa da ta sama. Ta ƙasa an daɗe da samun mafitarta, haɗin indiyam da kuza da oksijin, garau yake kuma yana ɗaukar lantarki. Ta sama, wadda a tsarin farko madubi ce, sai a sirantar da ita har haske ya iya ratsawa. Tawagar Princeton ɗin nan ta nuna irin wannan tun 1996. A talabijin kuma ana raba kowane ɗigo gida biyu, ɓangaren da ke haskawa da 'yar tagar da aka bari fayau. Duk da haka hasken da ke ratsa allon wajen kashi 40 ne cikin 100, na tagar ɗaki kuwa wajen 90. Ya fi kama da gilashin mota mai ɗan duhu.

Ga abin da bidiyon ba ya nunawa. Allon da ake ganin bayansa ba ya iya baƙi. In an kashe ɗigo, abin da ke baya za ka gani, in farin bango ne to baƙin gashin ɗan wasan farin bango ne. Lura da kyau, kusan duk bidiyon a wuri mai duhu-duhu ake ɗaukarsa. LG da kansa ya sa wa nasa baƙin labule da ke tasowa daga ƙasa ya rufe bayan idan ana son kallo na sosai. Wato mutum ya ƙirga dala dubu sittin ba ɗaya ya sayi talabijin da sai ya daina zama garau sannan ya yi aikin talabijin. A ma'aunin haske da ake kira luks, hasken rana tsaka yana kai dubu ɗari, na cikin ɗaki ɗari uku zuwa biyar. Ka kafa allon nan a tagar shago mai kallon titi da azahar ka ga ko za ka karanta farashi. Ga ƙurar hunturu, da za ta sami fuska biyu ta kwanta a kai maimakon ɗaya.

Ba ina cewa ba shi da gurbi ba. Ƙofar firijin shago, inda farashi zai bayyana kana kallon lemon a ciki, ta dace da shi. Akwatin nuni na gidan tarihi ma haka. Ina iya hango shi a gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, tarihin takobi yana bayyana a jikin gilashin kana kallon takobin kansa ta ciki. A falo kam ado ne.

Wani reshen binciken ya fi kama da abin da zai iso gidajenmu. Fasa ƙwan fitilar LED da ya mutu, ko ka leƙa idon cocilar waya, za ka ga ɗigo ruwan ƙwai. Ƙarƙashinsa LED shuɗi ne. Ruwan ƙwan gari ne na ma'adinai masu ɗauke da itiriyam da siriyam, yana shan wani ɓangare na shuɗin ya mayar da shi rawaya, in sun gauraya ido ya ga fari. Garin ba garau ba ne, watsa haske yake yi, sannan ma'adinan na cikin waɗanda Sin ta riƙe wuyan tace su a duniya. Shi ya sa ake neman gilashin kabon mai kauri, wanda za a narkar a zafi kaɗan, a zuba a mazubi kamar alewa, ya daskare garau, in shuɗi ko hasken bayan shunayya ya buge shi ya mayar da launin da ake so. Tsohon cikas ɗin shi ne yawancin rini masu haske in suka cunkushe wuri ɗaya sai hasken ya mutu. A 2001 Ben Zhong Tang, a Hong Kong, ya bayyana wasu masu akasin wannan hali, sai an matse su an hana su juyi suke haskawa. Gilashi kuwa matsi ne tsantsa. A ɗakin bincike na Sandia a Amurka sun riga sun zuba gilashin kabon dunƙule-dunƙule, ba don talabijin ba, don gano kayan nukiliya: in burbushin da ke fita daga gare su ya ratsa shi sai ya yi walƙiya.

Sai dai rini rini ne, kuma mun san abin da rana ke yi wa atamfar da aka manta a igiya. A kan LED mai aiki zafi kan kai digiri 80 zuwa sama da 100, ga shuɗin haske mai ƙarfi yana dukansa dare da rana. Don haka duk sa'ad da na ga labarin an ƙirƙiro sabon gilashi mai haske, abu biyu nake nema a ciki: matakin laushinsa, da awa nawa ya yi yana haskawa kafin ya koɗe, a wane zafi, a wane ɗanshi. Garau ɗin shi ne mafi sauƙin samu, shi kuma ake sawa a kanun labari. Ƙera allon OLED aikin masana'antun biliyoyin dala ne, kusan duk a Koriya ta Kudu da Sin, wannan ba namu ba ne yanzu. Gwajin tsufa kuwa ba ya bukatar haka. A can sai sun sayi akwati na musamman sun kunna masa zafi da ɗanshi. Ɗalibin kimiyyar sinadarai a jami'ar Aliero ko ta Tarayya da ke Birnin Kebbi yana da Afrilu da Agusta da Disamba kyauta, rufin kwano da ma'aunin haske kawai yake bukata.

Na koma wurin ɗalibin nawa ranar Laraba. Albashi bai shigo ba, na ce ya sa kwafin.

"Malam, in gaya maka tun yanzu, yatsa ba ya ƙara buɗe ta. Sai lamba."

"Me ya haɗa sikirin da yatsa?"

Ya ɗauki mataccen ya juya bayansa. Duk an lulluɓe shi da baƙin soso da ganyen jan ƙarfe, sai wani ɗan rami zagayayye kusa da ƙasa. Ya ɗaga shi saitin rana ya miƙo mini. Ta ramin nan ina hango hasken titi, har da inuwar wani mai babur da ya gifta. Ƙaramar kyamara ce ke zaune a bayan ramin tana leƙen zanen yatsa ta tsakanin ɗigogin. Shekara biyu ina ɗora babban yatsana a kan allon da ake ganin bayansa ban taɓa kawo wa raina ba. Kwafin LCD ne, fitilar bayansa ta toshe hanyar.

Da dare aka ɗauke wuta, na kunna wayar a cikin duhu. Inda ya kamata ya zama baƙi toka-toka ne, haske na tsiyayowa ta gefe. Na danna lambobi huɗun na buɗe ta.